Darasi na Takwas: Kare kayan zane a lokacin hunturu ba tare da ɓarnar wuta ba

Hunturu yakan shigo daga ƙarshen Nuwamba, ya kai har Fabrairu. Iskarsa daga hamadar Sahara take tasowa, busasshiya, ɗauke da ƙura. Mai zayyanar allo da mai zanen fenti da baduku da ke aiki a ɗakinsa na gida duk sun san aikinta. Tawada ta kafe a kurtu, allo ya tsage, fata ta yi tauri, takarda ta kanannaɗe.

Da yawa suna ɗora wa sanyi laifi, sai su kunna hita ko su shigo da kaskon gawayi. A garuruwanmu kuwa ruwa ba ya zama ƙanƙara a cikin ɗaki, ko a Jos da ta yi suna wajen sanyi. Bushewar iska ce ke ɓata kaya, wuta kuma ƙara busar da ita take yi. Ga tsada. Hita mai wat 1,000 tana cin yunit ɗaya a kowace awa. Ƙwan LED mai wat 10 sai ya yi awa 100 kafin ya ci haka.

Saboda haka ku nemi adaka ko akwati mai murfi. Ku shimfiɗa tsohon zane a ciki, ku jera fenti da tawada da ƙaro, ku ajiye ta nesa da taga. Kafin ku rufe gwangwanin fenti, ku goge bakinsa tas, ku ɗora leda, sannan ku danne murfin. Busasshen fenti a baki shi ne ke hana murfi zama, iska ta sami hanya. Tawadar da ta yi kauri, ɗigon ruwa kaɗan ya ishe ta, a dama da tsinke. Takarda a kwance ake ajiye ta, tsakanin katako biyu. Allo kuwa kada a jingine shi a rana ko kusa da wuta, a naɗe shi da zane. Fata a shafa mata man kaɗe kaɗan.

Lokacin aiki ma dabara ne. Fentin ruwa irin na akirilik ba ya kamawa da kyau idan sanyi ya yi ƙasa da kimanin digiri 10, don haka aikin asuba bai dace da shi ba. Ku fara da hantsi, ku tsaya da la'asar. Rana za ta ba ku haske da ɗumi kyauta. Ku toshe ƙasan ƙofa da buhu, ku yayyafa ruwa kafin shara don kada ƙura ta sauka a kan ɗanyen zane. In kuna jin ɗari, ku sa rigar sanyi da hula da safa.

Maganar gawayi kuwa ta rai ce, ina roƙon ku ku riƙe ta. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ko wari, tana kashe mutum yana barci. Haka hayaƙin janareta. Kananzir da tinna na wankin buroshi kuma suna kama wuta nan take. Duk ranar da kuka buɗe su, ku buɗe taga.

Aikin gida: ku rubuta sunayen kayan aikinku guda biyar. A gaban kowanne, ku rubuta inda za ku ajiye shi daga yau.