Yadda ake fita hawan dutse da mahaifi a lokacin kaka a Amurka

Ranar da na fara kai Baba gandun dajin Shenandoah da ke jihar Bajiniya na yi wauta, kuma a kan wautar nan na koyi yawancin abin da zan faɗa a nan. Na zaɓi hanyar da ake kira Dark Hollow Falls saboda na ga an rubuta kilomita 2 da 'yan kai ce, zuwa da dawowa. Na ce ai wannan bai kai tafiyar da yake yi daga gida zuwa masallacin Juma'a ba. Abin da ban lura da shi ba, gangarawa ake fara yi zuwa wurin da ruwa ke zubowa, hawan kuma sai a dawowa, tsayin mita 130 da ɗoriya, lokacin da ƙafa ta riga ta yi sanyi. Muna tsakiyar hawa na waiwaya na ga Baba ya dafa wata bishiya yana kallon sama. Na ce, "Baba, ko mu ɗan huta?" Ya ce, "Huta me? Ganyen nan nake dubawa." Gumi na bin gefen hularsa, alhali sanyi ake yi.

Mutumin da ya haife ka ba zai buɗe baki ya ce maka ya gaji ba. Duk shirin da za ka yi, a kan wannan za ka ɗora shi.

Zaɓen rana da hanya

Ga wanda ke zaune a Washinton ko Maryland ko arewacin Bajiniya, Shenandoah ba shi da nisa, daga Washinton tafiyar ba ta kai awa biyu ba a mota. Titi guda ne ya ratsa gandun a kan doron tsaunuka, Skyline Drive, mai tsawon mil 105, kuma ba a wuce mil 35 a awa a kansa. Kowane mil akwai ɗan turke mai lamba a gefen titi, da shi ake kwatancen wurare.

Ganye yakan fi kyau daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshensa, na saman dutse yana riga na kwari sauya launi. Kowa ya san haka, shi ya sa ranakun Asabar da Lahadi layin motoci kan yi tsawo a ƙofar Front Royal da ta Thornton Gap. In da hali ka ɗauki hutun Talata ko Laraba. Ka kuma duba lokacin faɗuwar rana. A tsakiyar Oktoba magariba kan yi wajen shida da rabi, amma daga Lahadin farko ta Nuwamba, da an mayar da agogo baya da awa ɗaya, ƙarfe biyar duhu ya fara sauka.

Fitar farko ka kai shi Limberlost, daidai mil na 43. Zagaye ne na kilomita 2, an shimfiɗa masa tsakuwa an daddaɓe, babu wani hawa na a zo a gani, ga bencina jefi-jefi. Har mai keken guragu yana bi. In ka ga ya gama zagayen yana ta hira, numfashi bai sarƙe ba, to fita ta biyu sai Stony Man, kusa da masaukin baƙi na Skyland: kilomita 2 da rabi, hawa kamar mita 100, kuma hawan ne a farko, gangara a dawowa. Daga ƙololuwarsa, sama da mita 1,200, kwarin Shenandoah yana shimfiɗe a gabanka, gonaki da garuruwa kamar an zana a tabarma. Ni dai ra'ayina, duk hanyar da ta fara da gangara ka bar wa samari.

Sutura, inda rigimar take

Saman dutsen yakan fi ƙasa sanyi da digiri 5 ko 6, ga iska. Baba zai ce maka ya san sanyi, ai ya yi hunturun Katsina shekara saba'in. Kada ka yi masa musu, ba za ka ci ba. Amma sanyin gida busasshe ne, kuma da hantsi ya dubi ludayi ya karye. Na nan yana da laima, yana iya wuni bai saki ba.

Dabarar ita ce sutura hawa uku. Ta jikin fata ta zama wadda ba ta riƙe gumi, ta ulu ko ta roba-roba irin ta 'yan wasa. Singiletin auduga in ya jiƙe ba ya bushewa, yana manne wa baya ya yi ta zuƙe ɗumin jiki. A kanta suwaita, sannan jaket mai tare iska. Baba ya ƙi rabuwa da kaftaninsa, sai muka yi sulhu: ta ciki a ƙasa, kaftani a kai, jaket a sama. Babbar riga ce kawai na roƙe shi ya bari a gida, don tana kama rassa kuma tana rufe masa ganin inda zai taka. Hular ma an yi ja-in-ja. Zanna ba ta rufe kunne. Ƙarshe ya sa ta ulu a daji, ta saƙin tana aljihu, in za a ɗauki hoto ya sauya.

Takalmi kuwa babu sulhu. Ganyen da ya zube ya sha raɓa santsi gare shi kamar kuɓewa, kuma yana ɓoye duwatsu da saiwoyi. Sau-ciki mai sumul ɗin ƙasa ba zai yi ba. Ka saya masa takalmi mai gargada a tafi, ya yi kwana uku yana yawo da shi a unguwa kafin ranar, kada ya je ya fasa masa dunduniya a daji. Safa ta ulu, a cusa ƙafar wando a ciki. Wannan ba don sanyi kaɗai ba ne. Akwai kaska a dajin nan, ƙanana ƙwarai, masu sa cutar Lyme, kuma manyansu suna nan da ransu har cikin kaka muddin ƙasa ba ta daskare ba. In kun koma gida a duba bayan gwiwa da hammata da wuya. Wadda ta kama, a cire ta da hantsaki, a kamo daf da fata a ja a miƙe, ba a ƙona ta ba a shafa mata mai.

Sai sanda. In ka miƙa masa ita a matsayin abin taimako zai ce ka mayar da shi tsoho. Ka sayi biyu, ka fara fitowa daga mota da taka a hannu, ka jingina tasa a jikin ƙofa. Zai ɗauka da kansa.

Abin da ke cikin jaka

Fulas biyu: ɗaya na shayi, ɗaya na ruwan ɗumi don alwala, tare da 'yar buta. Ruwan famfon can sama yana sa yatsu su ƙage. Dabino da gyaɗa, musamman in yana da ciwon suga, da maganinsa na hawan jini in lokacin shansa zai riske ku a hanya. Darduma mai leda a ƙasa, don ƙasar a jiƙe take. Tocila. Takardar inshorar lafiyarsa ta baƙi. Sabis ɗin waya yana ɗaukewa a wurare da yawa a gandun, saboda haka ka sauke taswirar a waya tun daga gida, ka kuma gaya wa wani hanyar da za ku bi da lokacin da ya kamata ku dawo.

Ka gane alƙibla tun kafin ku shiga daji. Daga Bajiniya arewa maso gabas take, ta fi karkata arewa fiye da yadda Baba ya saba. Ban-ɗaki mai kyau akwai a Big Meadows, mil na 51, inda ofishin tarbar baƙi yake.

A kan hanya

Shi ne a gaba, kai a baya. Wannan ya dace da tarbiyya, kuma shi ne kaɗai yadda tafiyar za ta bi saurinsa ba naka ba. In kana gaba zai yi ta ƙoƙarin cim maka, ba zai ce ka rage ba.

Hutu kuma kai ne za ka ƙirƙira shi. Duk minti goma sha biyar ka nemo dalili: igiyar takalminka ta kwance, kana son hoto, ƙishirwa ta kama ka. Ka sa kunne ga maganarsa. In yana kai ƙarshen zance ba tare da ya tsaya ya ja numfashi ba, lafiya lau. In ya koma "uhm" da "to", lokacin shayi ya yi. In kuwa ya dafa ƙirji, ko jiri ya ɗebe shi, ko leɓe ya sauya launi, tafiya ta ƙare, ku zauna, a nemi taimako ta lambar gaggawa 911 ko ta ma'aikatan gandun.

Tambaya ma hanyar hutu ce. Baba manomi ne kafin ya zama ma'aikaci, kuma abin da ya fara ɗaure masa kai shi ne ganye ya yi ja wur alhali ruwa bai ɗauke ba. A gida ganye na zuba ne saboda rani. Na gaya masa a nan gajartar rana da sanyin dare ne ke sa bishiya ta janye koren da take sarrafa abinci da shi, sai ɗorawar da dama tana ƙarƙashi ta bayyana, jan kuma sabo ake haɗa shi daga sukarin da ya rage a ganyen. Ya tsinci ganyen mapul guda ya juya shi ya ce, "Wato ita ma girbi take yi, tana kai wa rumbu." Muka yi minti goma a zaune a kan wannan zance, bai san hutu na ba shi ba. Ko kuma ya sani, ya ƙyale ni.

Za ku ga barewa mai farar wutsiya, ba ta ma tsoron mutum. Dokar gandun ita ce a bar tazarar mita 23 tsakaninka da ita, beyar kuma, wato wata babbar dabbar daji mai gashi da farata, mita 46. Baƙar beyar tana yawan kiwo a kaka, tana tara kitse da 'ya'yan itacen oak kafin ta shige kogo. In kun haɗu da ita kada a gudu. A ja da baya a hankali, ana magana da murya a sake, a bar mata hanya. Ba a ba kowace dabba abinci a gandun, laifi ne. A hanyar komawa gida kuma ka rage gudu da almuru, don Nuwamba lokacin barbarar barewa ne, suna faɗowa titi babu sallama.

In sanyi ya hana fita

Daga ƙarshen Nuwamba hawan dutse da dattijo ya zama ganganci. Nan ne zaman gida ke fara cin baƙo: ba maƙwabcin da zai leƙo, ba dandalin hira, kowa ya tafi aiki. Abin da ya cece mu shi ne bayan gida.

Ka sayi abin zuba wa tsuntsaye abinci da buhun baƙin irin sanfulawa, shi ne wanda yawancinsu suke so. Ranar da na shigo da buhun Baba ya dube ni ya ce, "Kai, mu da muka yi ƙuruciyarmu muna korar jan-baki daga gonar gero, yau ɗana ne ke saya wa tsuntsu hatsi da dala?" Bayan mako guda shi ne mai zubawa kullum bayan asuba, kuma ba ya yarda wani ya taɓa.

A rataye shi ko dai daf da taga, ƙasa da mita 1, ko nesa da ita kamar mita 9. Tsakanin nan ne tsuntsu ke samun gudun da zai bugi gilas ya mutu. A ƙara dunƙulen kitse a cikin 'yar raga saboda maƙoƙofa, masu ƙwanƙwasar itace. A ajiye ruwa a faranti mara zurfi, a fasa ƙanƙarar kowace safiya, don ruwa ya fi abinci wuyar samu a wannan lokaci. Burodi da ragowar tuwo ba abincinsu ba ne, ɓera kawai za su jawo maka. Duk mako biyu a wanke mazubin da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin goma, a bar shi ya bushe sarai. Ganyen da aka share kuma a tara shi a kusurwa maimakon a kwashe duka, ƙwari na kwana a ciki, tsuntsaye na tona. Buhun irin a sa shi a garwar ƙarfe mai murfi, kwandon shara ma a kulle, saboda rakun, wata 'yar dabba mai yawon dare, yana da hannu kamar na yaro. Barewa kuma kada a zuba mata komai: a Bajiniya doka ta hana daga 1 ga Satumba har Asabar ta farko a Janairu. In unguwarku na kusa da daji inda beyar ke shigowa, mazubin tsuntsayen ma ka haƙura da shi.

Sai ka sa masa kujera a bakin taga da bargo. Jan nan mai tukku shi ne kadinal, namijin ke nan, macen ruwan ƙasa ce. Ɗan toka mai farin tumbi da ke tsince a ƙasa junko ne, daga arewa yake zuwa wajen ƙarshen Oktoba, zuwansa alamar sanyi ya kankama. Ɗan mitsitsin mai baƙar hula, cikadi, ƙwaya ɗaya yake ɗauka ya tafi ya ɓoye ya dawo, da dare kuma yana rage zafin jikinsa don kada kitsensa ya ƙare kafin gari ya waye. Baba bai damu da sunayen nan ba, ya raɗa musu nasa: Sarki, Almajiri, Ɗan-kasuwa.

Kurege ne abokin gabarsa. Na nan toka-toka ne, a bishiya yake kwana ba a rami ba, ba ya kuma barcin hunturu, amma halin ɗaya ne da na gonar gyaɗa. Yana iya tsallen mita 3 daga reshe, da kusan mita 1 da rabi daga ƙasa. Don haka a kafa sandar mazubin nesa da bishiya da katanga, a ɗaura mata ƙarfe mai siffar mazurari a kife a ƙasan mazubin. Baba ya auna da taku, ya matsar da sandar sau uku kafin ya dace. Yanzu kuregen sai dai ya zauna a gindin sanda yana tsintar abin da tsuntsaye suka zubar. Na ce ko in kore shi. Baba ya ce, "Bar shi, wannan zakkarsa ce."