Yadda Za Ka Auna Nauyin Masanin Fashewar Hasken Gamma

Idan kana son sanin ko masanin taurari ya taka rawar gani a fannin fashewar hasken gamma (wato walƙiyar haske mai tsananin ƙarfi da ke zuwa daga can nesa a sararin samaniya), kada ka fara da ƙirga takardunsa. Shiga rumbun ADS na NASA, wato shafin intanet da ke tattara takardun binciken taurari, kyauta ne, ka rubuta sunansa, ka jera takardun bisa yawan masu kafa hujja da su.

Gwada da Chryssa Kouveliotou, 'yar Girka. Takardarta ta 1993, da bayanan BATSE, na'urar gano hasken gamma da ke kan wani tauraron ɗan'adam, ita ta raba fashewar gida biyu: wadda ba ta kai daƙiƙa 2 ba, da wadda ta wuce haka. Har gobe da wannan ma'aunin ake aiki.

Sai ka duba abokan aiki. Nan ba a cin tuwo a ɓoye, domin hasken na dusashewa kafin ka ce kwabo: tauraron ɗan'adam irin Swift ya hango, masanan da ke ƙasa su juya madubin hangen nesa nan take. Ni na fi yarda da gajerun sanarwar GCN, kafar da masana ke sanar da juna sabuwar fashewa cikin gaggawa, can ake ganin wanda ya tashi tsakar dare. Takarda mai marubuta dubbai kuwa, irin ta karon da wasu taurari biyu suka yi da juna, wanda aka gano a 2017, kada ka jingina wa mutum ɗaya. Nemi wadda sunansa ya zo farko.