Yadda za ku fara haɗa kai a kan kogin da ya ratsa iyaka

In aikinku ya shafi kogi ko tafki ko fadamar da ƙasa biyu ko fiye suka yi tarayya a kai, ko kuna ma'aikatar ruwa ne ko ƙungiyar kare muhalli ko kuwa shugabannin masunta da manoma, don Allah kar ku buɗe mitin ɗin farko da maganar rabon ruwa. Da an ce "nawa ne kasonmu" shi ke nan kowa ya ja daga, a tashi baram-baram. Ku fara da awo.

Awon da nake nufi shi ne sandar nan da ake kafawa a bakin kogi, mai farin fenti da lambobi a jiki, kowace santimita da zanenta. Ku nemi mutum ɗaya mai amana wanda gidansa ke kusa da wurin, kullum da safe a lokaci guda ya je ya duba inda ruwa ya tsaya, ya rubuta a littafi, sannan ya ɗau hoton sandar da wayarsa ya tura zauren WhatsApp ɗin da mutanen ɓangarorin biyu suke ciki, su ma na can tsallaken su riƙa turo nasu. Hoton nan shi ne abin da na fi damuwa da shi, domin lamba a takarda ana iya cewa an yi mata kwaskwarima amma hoton sanda a cikin ruwa da kwanan wata ba mai musu a kai. In kuka yi damina biyu a haka za ku ga rigimar "ku ne kuka tare mana ruwa" ta ragu sosai, tunda kowa ya ga da idonsa ranar da ruwa ya sauka a saman kogi da ranar da ya iso ƙasansa.

Daga nan sai maganar gargaɗi, kuma a nan rayuka ne a ciki. Dam ɗin Lagdo da ke kan kogin Binuwai a Kamaru, wanda aka gama a 1982, duk lokacin da ya cika aka saki ruwa to garuruwan Najeriya da ke ƙasa su ke ji a jikinsu, kuma ambaliyar 2012 da ta 2022 duk an yi ta ambaton sakin ruwan tare da mamakon sama. Wasiƙa daga ma'aikatar wata ƙasa zuwa ta wata ba ta isa ba wallahi, kafin ta gama yawo a ofisoshi ruwa ya shiga ɗaki. Ku rubuta a fili wa zai kira wa, da wace lamba, kwana nawa kafin a buɗe ƙofofin dam, wane gidan rediyo ne zai sanar kuma da wane yare. Ku gwada tsarin da rani lokacin da ba a cikin tashin hankali. Turai ma sai da suka sha wuya suka gyara nasu: a watan Nuwamba na 1986 gobara ta tashi a sito ɗin kamfanin Sandoz kusa da Basel a Suwizalan, ruwan da aka kashe wutar da shi ya kwashi magungunan ƙwari ya zuba a kogin Rhine, kifaye suka yi ta mutuwa har cikin Jamus, kuma sanarwa ba ta isa ƙasashen da ke ƙasa da wuri ba. A 1987 ƙasashen kogin suka fito da shirin tsaftace shi tare, kuma cikin shekarun 1990 kifin salmon da ya ɓace ya fara dawowa.

Wajen gayyata kuma ku bi taswirar ruwan tun daga mafarinsa. Tafkin Chadi misali, kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan koguna da ke shigarsa daga kogin Chari da na Logone yake zuwa, Chari kuwa daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ya faro, amma da aka kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964 ƙasashe huɗu ne kawai, Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya, sai a shekarun 1990 Afirka ta Tsakiya ta shigo. Wanda ruwa ke fitowa daga wajensa a kira shi tun ranar farko.

Abin da aka fi mantawa, kuma shi ya fi ci mini rai, shi ne kason fadama ita kanta. Injiniyoyi za su lissafa na wutar lantarki da na noman rani da na sha, a bar ambaliyar shekara-shekara kamar asara ce, alhali ita ce ke ba kifi wurin ƙwai, ta fito da ciyawar kiwo, ta cika rijiyoyi, tsuntsaye masu ƙaura su samu masauki. Ku dubi kogin Senegal. Mali da Muritaniya da Senegal sun kafa hukumar raya kogin mai suna OMVS a 1972, suka gina dam ɗin Diama da na Manantali a shekarun 1980 a matsayin mallakarsu tare, abin a yaba, amma da ruwa ya daina hawa da sauka yadda ya saba sai kachalla ta mamaye magudanai, cutar tsargiya ta yaɗu, wasu fadamun bakin teku suka bushe. Sai da aka koma ana sakin ruwa da gangan zuwa gandun dajin Diawling na Muritaniya, wanda ke fuskantar gandun tsuntsaye na Djoudj a Senegal, kifi da tsuntsaye suka farfaɗo. Saboda haka ku sa watannin sakin ruwan fadama a rubuce tun kafin a zuba kankare.

Dokokin kamun kifi su zama iri ɗaya a gaɓa biyun. In nan an hana raga mai ƙananan ido can kuma an bari, ko watannin hutun kamun kifi sun bambanta, masunta za su tsallaka ne kawai, kuma ba laifinsu ba ne. Haka namun daji: giwayen gandayen dajin W da Arly da Pendjari suna yawo tsakanin Nijar da Burkina Faso da Benin, to masu gadin daji sai sun san juna sun riƙa sintiri tare, makiyaya kuma a zauna da su a shata burtali da mashaya.

Sai yanzu ne za a zo ga takarda. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1997 kan kogunan ƙasa da ƙasa, wadda ta fara aiki a 2014, za ta ba ku ƙashin bayan rubutun: amfani bisa adalci, kar a yi wa maƙwabci babbar illa, sannan duk mai shirin babban aiki a kan ruwan ya sanar da sauran ya ba su wata 6 su yi nazari. A cikin taku yarjejeniyar ku faɗi wa zai biya me, kuma alawus ɗin mai duba sandar awo da kuɗin datarsa su fito daga kasafin ma'aikatunku, kar ku jingina su da tallafin waje na shekara uku, domin ranar da tallafin ya ƙare hotunan za su daina shigowa.