Kafin ka nemi digiri na biyu a jinyar damuwa, ga abin da za ka tambaya

Ɗalibai masu son karanta jinyar damuwa ta hanyar magana, da niyyar yi wa mutanen da ba su da likitan ƙwaƙwalwa a kusa aiki, sukan turo min jerin jami'o'i su ce in zaɓar musu. Sunan jami'a ba ya gaya min komai. Abu biyu nake son ji: ina za a tura ka koyon aiki, kuma wa zai saurari yadda ka yi magana da mara lafiya ya gyara maka?

Fara da lasisi, don shi ne mai sauƙin bincikawa. Tabbatar hukumar da ke ba da izinin aiki a ƙasar da za ka zauna ta amince da kwas ɗin. Sai ka tambayi awannin aiki a fili. A Amurka, hukumar CACREP mai tantance irin waɗannan kwasa-kwasai tana neman awa 100 na sharar fage da awa 600 na koyon aiki, 240 daga ciki ido da ido da masu neman taimako. Ba sai ka je can ba, amma ma'auni ne mai kyau. Kwas ɗin da ya kasa faɗa maka adadinsa, ka bar shi.

Daga nan ka roƙi sunayen wuraren da aka tura ɗalibai a shekara biyun da suka wuce. In duk asibitocin kuɗi ne na tsakiyar birni, inda mutum ke zuwa kowane mako har shekara, za ka fito da gwaninta da ba za ta yi maka aiki ba. Matar da za ta zo wurinka wataƙila sau biyu za ka gan ta, kuɗin mota ya hana ta dawowa. Ba za ta ce tana da damuwa ba, za ta ce ciwon kai da rashin barci. Ba ta karatu, don haka aikin gida na rubutu ya faɗi. Ɗakin sirri ma ba lallai a samu ba.

Shi ya sa nake duba ko ana koyar da gajerun hanyoyin jinya da aka gwada a irin waɗannan wurare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani gajeren tsarin jinya mai suna PM+ a 2016: zama biyar, kowanne minti 90, ana koyar da jan numfashi a hankali, warware matsala ɗaya bayan ɗaya, komawa harkokin yau da kullum da ƙarfafa zumunci. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, binciken da Atif Rahman ya jagoranta, wanda aka buga a 2008, ya nuna ma'aikatan lafiya mata na ƙauye sun iya rage damuwar masu ciki da masu jego. A Harare kuma, Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata suna sauraron mutane a kan benci a harabar asibiti, zama shida, gwajin 2016 ya tabbatar yana aiki.

Lura da abu guda: a duk waɗannan, ba ƙwararre ne ke zaune a kan bencin ba. Shi horarwa yake yi da duba aiki. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, fiye da kashi uku cikin huɗu na masu matsananciyar larurar ƙwaƙwalwa ba sa samun jinya, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. To ka tambaya kai tsaye: za a koya min horar da ma'aikacin da bai yi jami'a ba, in auna ƙwarewarsa, in riƙa bin aikinsa? Kwasa-kwasai da yawa ba sa taɓa wannan, ni kuwa a ganina shi ne rabin aikin. In malaman kwas ɗin sun san tsarin EQUIP na Hukumar Lafiya da UNICEF, inda ake kwaikwayon zama ana ba da maki, alama ce mai kyau.

Ka nemi a koya maka iyakarka ma. Littafin jagora na mhGAP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara fitarwa a 2010, ya nuna yadda za a gane farfaɗiya, taɓin hankali da tunanin kashe kai, da lokacin da dole a tura mutum wurin likita. Inda babu likita kusa, jinkirinka na iya cin rai.

Batun harshe kada ka raina shi. Aiki da tafinta fasaha ce da ake koyo, musamman in tafintan ɗan unguwar mara lafiyar ne kuma sirri na cikin haɗari.

Sai bashi. Wanda ya fito da bashin karatu mai nauyi, asibitin kuɗi zai ja shi ko yana so ko ba ya so. A Amurka shirin National Health Service Corps yana biya wa mutum wani ɓangare na bashinsa in ya yi shekara biyu a yankin da ke da ƙarancin ma'aikata. Bincika ko ƙasarka ko jami'ar na da makamancinsa tun kafin ka sa hannu. Sannan ka nemo mutum biyu da suka gama bara, ka tambaye su sau nawa malamin da ke duba aikinsu ya zauna da su a wata, kuma ɗalibai nawa ne a hannunsa.