Kafin ka ɗaura wa sabuwar motarka mai dizal ɗakin tafi-da-gidanka

Sana'ata haɗa famfon sola a rijiyoyin burtsatse. Aikin yakan kai ni ƙauyukan Jigawa da Yobe, in yi kwana biyar ko mako guda a wuri ɗaya, inda babu masauki sai gindin bishiya ko ajin firamare. Shi ya sa na sa aka ƙera mini ɗaki mai taya wanda ake ja da mota. Akwai katifa biyu a ciki, da tankin ruwa, da ɗan wurin girki, da akwatunan kayan aiki. Yaran da nake aiki da su suna ce masa tafi-da-gidanka. Da tsohuwar motata ta gaji, na tattara ɗan abin da Allah ya hore mini na sayi Hilux sabuwa fil, mai injin dizal lita 2.4, giyar hannu.

Ranar da na kawo ta gida, ƙanena har ya wanke ɗakin ya turo shi ƙofar gida yana jira a ɗaura. Na ce a mayar da shi. Ya ce, "Yaya, ai don shi aka saye ta." Na ce haka ne, amma sai ta yi kilomita dubu tukuna. Na ɗauko littafin da ke zuwa da motar, wanda yawancinmu ke barinsa a leda har ya ɓace, na nuna masa. Toyota ta rubuta ƙarara cewa a kilomita 300 na farko a guji taka birki da ƙarfi, a kilomita 800 na farko kada a ja tirela kowace iri, sannan har zuwa kilomita 1,000 ban da gudun wuce sa'a, ban da figar mota, ban da daɗewa a ƙaramar giya, ban da tsayawa a kan gudu ɗaya na dogon lokaci.

Na ƙarshen nan shi ne mutane ba sa ganewa, don gani suke lallaɓa mota shi ne a sa ta a gudu 70 a miƙe har Zariya. Ga abin da ke faruwa a cikin injin. Bangon silinda na sabon inji ba sumul yake ba, akwai ƙananan zane da aka bari da gangan, kuma zoben fistin yana buƙatar ya goga da su a hankali har su zauna da juna, kamar yadda sabon takalmin fata ke bin ƙafar mai shi. Abin da ke danna zoben jikin bango shi ne ƙarfin wutar da ke ci a cikin silinda. Idan ka bar motar tana sulo awa guda a ƙofar gida da sunan kana ɗumama ta, ko don ka sha sanyin AC, wutar ba ta da ƙarfi, zoben ba ya dannuwa, sai bangon ya yi santsi kafin su zauna. Irin wannan injin ne za ka ga yana shan baƙin mai tun yana yaro. Idan kuma ka ɗora mata tan biyu tun ranar farko, haƙoran giyar aksul na baya, waɗanda su ma ba su gama sabawa da juna ba, za su ɗau zafin da ya fi ƙarfinsu. Kukan da za ka fara ji daga aksul ɗin baya bayan shekara ɗaya, mai yiwuwa a makon farko aka shuka shi.

Abin da na yi shi ne, na riƙa fita da ita da safe bayan rana ta ɗaga. In tayar, in ba ta kamar minti ɗaya, in tashi a hankali har allurar zafi ta hau wurinta. Na je Katsina na dawo, na je Dutse, na je Gumel, sauran kuma zirga-zirgar cikin Kano. A kan hanya ina canza gudu, 60, 80, 90, in sauko, in canza giya, in ɗan ba ta wuta a kan tudu ba tare da na taka totur har ƙasa ba. Na sa buhun siminti huɗu a baya don ta ji ɗan nauyi. Cikin kwana goma sha biyu na cika kilomita dubun. Daga nan na kai ta aka yi mata juyen farko, baƙin mai da filta. Wasu za su ce ya yi wuri. Ni dai na fi son duk wani ɗan garin ƙarfe da gogayyar farko ta haifar ya fita kafin aikin gaske ya fara, kuma kuɗin galan biyu na mai bai kai a tsaya jayayya a kansa ba.

Sai maganar nauyi, wadda a ganina ta fi komai muhimmanci ga mai jan kaya. Za ka ji ana cewa Hilux tana jan kilo 3,500. Wasu samfuran ne kawai, kuma sai idan tirelar tana da birkinta. Idan babu birki a jikinta, kilo 750 ne iyaka. Duba littafin taka motar, kada ka ɗauki maganar tasha. Maƙerin da ya yi mini ɗakin ya ce ba zai wuce tan ɗaya ba. Na kai shi sikelin manyan motoci na wani kamfanin shinkafa, ya hau kilo 1,300 babu komai a ciki. Da na cika tanki (kowace litar ruwa kilo ɗaya ce), na zuba batura, wayoyi, famfuna, tukunyar gas da buhun shinkafa, ya kai 1,900. Tun a ranar na fasa tafiya sai da aka sa masa birki.

Yadda ka jera kayan ma yana da nasa hukunci. Kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin ya kasance gaban tayoyin tirelar, kashi 40 a baya, ta yadda abin da ke danna ƙugiyar motar zai kai kimanin kashi 10 na nauyin tirelar gaba ɗaya. A wurina kilo 190 ke nan, kuma wannan nauyin a kan motar yake, dole ka cire shi daga abin da za ka iya lodawa a bayanta. Na taɓa ganin illar saɓa wannan da tsohuwar motata. Yara suka jera batura shida a can ƙarshen ɗakin saboda nan ne ƙofa take, ni kuma ban duba ba. Muna wuce wata babbar mota a hanyar Haɗeja sai na ji bayan motar yana kaɗawa hagu da dama, kowace kaɗawa ta fi ta baya. A madubi ina ganin ɗakin yana leƙowa ta wannan gefe, ya koma ya leƙo ta wancan. Ƙafata ta so birki, amma na hana ta. Na riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, na ɗaga ƙafa daga totur a hankali, har gudun ya sauka abin ya lafa. Da na taka birki da ƙarfi ko na yi ƙoƙarin gyara ta da sitiyari, Allah kaɗai ya san inda za mu kwana. Muka sauka gefen titi muka mayar da baturan gaba, hannuna bai daina rawa ba.

Da na fara ja da sabuwar motar, ban wuce gudu 80 ba, kuma har yau da wuya in wuce hakan in ɗakin yana baya. Ba na sa giya ta shida da kaya, ta biyar ma sai hanya ta miƙe. Idan ka ji injin yana gurnani a ƙasa-ƙasa, kana taka wuta ba ya amsawa, sauko da giya, kada ka tilasta masa. A gangara kuwa giyar da za ka hau da ita, da ita za ka sauka. Duk wanda ya taɓa saukowa Hawan Kibo daga Jos ya san ƙaurin birkin manyan motoci da ke tashi a wurin. Birki idan ya yi zafi sosai yakan daina kamawa, don haka bar injin ya riƙe motar, kai kuma ka riƙa taɓa birki kana saki. A yashi, kada ka ƙona kuloci wajen tashi. Tsaya, sa ta a L4, wato ƙaramar giyar da ke jan tayoyi huɗu, ta tashi da kanta a hankali, amma kana hawa kwalta ka mayar da ita H2, mai jan tayoyin baya kawai. Bayan kusan kilomita 1,000 na ja, ɗauki sifana ka bi duk notin ƙugiyar ka sake ɗaurewa, za ka samu wasu sun saki.

Injin nan yana da turbo, wato abin da ke cusa masa ƙarin iska, kuma turbo da baƙin mai yake sanyaya. Idan ka sha doguwar tafiya da kaya ko ka hau tudu, kada ka kashe motar kana tsayawa. Ba ta minti biyu tana sulo. Ni lokacin nake zagayawa in ɗora bayan hannuna a tsakiyar kowace tayar tirela. Ɗumi ba komai ba ne, amma idan ɗaya ta fi sauran zafi har ba ka iya barin hannu a kai, boris ɗinta, wato ƙarfen da tayar ke juyawa a kansa, yana neman giris ko ya fara tafiya.

Yanzu man da kake zuba mata. Nan ne na fi jin ciwo, don nan na yi asara mafi girma. Wata rana da tsohuwar motar mai ya yanke mini a wani ƙauye, na sayi jarka biyu a hannun wani mai sayarwa a bakin hanya. Kafin mu yi kilomita talatin ta fara tari, ta mutu. Da makanike ya kwance filta ya juye a kwalba, muna kallo ruwa ya kwanta a ƙasa, man ya taso sama, ga warin kananzir. Nozul huɗu, masu fesa mai cikin inji, suka tafi. Injinan yanzu sun fi na da rashin haƙuri da wannan, saboda suna tura mai da matsi mai ƙarfi ƙwarai, wanda a wasu ya haura bar 2,000 (bar ma'aunin matsi ne), ta ƙofofin da ido da ƙyar yake gani, kuma man dizal ɗin kansa shi ne ke shafe famfon don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Ruwa yana kawo tsatsa, kananzir kuma ba shi da santsin da ake buƙata. Yanzu gidan mai biyu kawai nake sha a Kano, waɗanda manyan motoci ke yawan shiga, don mansu ba ya daɗewa a tanki. In zan shiga daji ina tafiya da jarkoki na ƙarfe da na cika da hannuna, da filtar mai sabuwa guda biyu a ƙarƙashin kujera.

Koyi zubar da ruwan filta da kanka, ba sai fitilar gargaɗi ta kama ba. Buɗe bonet, za ka ga filtar man da ɗan famfo a samanta wanda ake dannawa da hannu, da ɗan murfin roba a ƙasanta. Kashe mota, tara kwalba mai haske a ƙasa, sassauta murfin kamar zagaye biyu, ka riƙa danna famfon har ruwan ya ƙare mai tsantsa ya fara fitowa, sannan ka ɗaure da hannu kawai, ban da filaya. Ina yin haka duk bayan tafiya biyu, da damina kuwa duk tafiya.

Juye kuma duk kilomita 5,000 nake yi, ko da an ce man zai iya wuce haka, domin jan kaya da ƙura da zafin watan Afrilu duk suna cikin abin da masu ƙera motar ke kira aiki mai tsanani. Kafin ka sayi baƙin mai, tabbatar ko motarka tana da matatar hayaƙi a salansa, wadda ake kira DPF. Waɗanda aka yi don kasuwar Turai suna da ita, kuma suna buƙatar baƙin mai na musamman mai ƙarancin toka da dizal mai ƙarancin sulfa, sannan suna son doguwar tafiya lokaci-lokaci don matatar ta ƙone abin da ta tara. Da hunturu ina ciro filtar iska duk mako in bubbuga ta a hankali a tafin hannu. Kada ka bari a sa mata iskar mai faci da ƙarfi, takardar tana yagewa ba ka gani ba, ƙura ta wuce kai tsaye cikin inji. In ta yi baƙi, canza ta.

Abu biyu ba na yarda makanike ya yi mini. Na ɗaya, ya cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, da hujjar cewa ƙasarmu akwai zafi. Injin an gina shi ne ya yi aiki a wani ma'aunin zafi, in ya kasa kaiwa yana ƙara shan mai yana tara baƙi. Na biyu, ya zuba ruwan rijiya a lagireto. Ruwan burtsatse sana'ata ce, na san farin gishirin da yake bari a cikin bututu, kuma haka zai toshe lagireto. Ruwan sanyaya inji na kamfani, mai launin hoda, shi kaɗai nake ƙarawa, kuma sai injin ya huce nake buɗe murfi. Man giya da na aksul ma ina canza su da wuri, kuma duk lokacin da muka ratsa ruwa da damina sai an sa wa furofela giris, an duba ko man aksul ya koma kamar madara.

Tayoyi kuwa da safe ake auna su kafin a tashi, da gejinka na kanka, a bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba. Masu faci da yawa sukan cika iska har taya ta yi tauri kamar dutse. Duba lambobi huɗun da ke gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayar tirela takan tsufa ta tsattsage a rana tun zanenta bai cinye ba.

Duk safiyar da za mu tashi, ƙanena yana tsayawa bayan ɗakin, ni ina ciki ina taka birki, ina kunna sigina hagu da dama, yana ɗaga mini hannu idan kowace fitila ta kama. Sai in fito in tabbatar ƙugiya ta kulle, sarƙoƙi biyun sun giciye a ƙarƙashinta, ƙafar tirela ta naɗe sama, tukunyar gas a rufe. In zaro sandar baƙin mai in goge in sake tsomawa. Bayan mun yi kamar kilomita ashirin, wajen Gezawa, mukan tsaya mu sake zagaya motar sau ɗaya, mu taɓa tayoyi da igiyoyi, sannan mu kama hanyar Gumel.