Kafin ka kafa ƙarfe a unguwa: kurakuran da ke karya masu sayar da intanet

A bara ɗan yayata ya kira ni daga Rigasa cikin murna, ya ce, "Kawu, kaya sun iso." Da na je sai na tarar da kwalaye jere a tsakar ɗaki: rediyo huɗu (na aika siginar intanet ta iska, ba na sauraro ba), doguwar eriya mai watsawa ko'ina, rauta ɗaya (na'urar da ke raba intanet ga masu amfani), da naɗin kebul biyu. Abin da ya tara shekara biyu a shagon cajin waya ne ya zuba a ciki. Na tambaye shi daga ina intanet ɗin zai zo, kuma gida nawa ne suka ce za su biya. Ya yi shiru, can ya ce ai sai an haɗa mutane za su gani su zo. Abin ya dame ni ƙwarai, domin yaron mai ƙoƙari ne, kuma na ga mutane da dama a garin nan na Kaduna sun bi wannan hanyar sun ƙare da sayar da kayansu rabin kuɗi.

Kuskuren farko ke nan, kuma shi ne uwar sauran: sayen kaya kafin a san aikin da za su yi. Sayen kaya shi ya kamata ya zo a ƙarshe. Fara da yawo a ƙafa, littafi a hannu. Shiga gidajen haya na ɗalibai a Tudun Wada, tsaya wajen masu POS da masu kafen intanet da masu kemis da makarantun kuɗi, ka ji nawa suke kashewa a data duk wata, kuma da wane lokaci sabis ke ba su wahala. Wanda ya ce maka "in ka kawo za mu duba" ba kwastoma ba ne tukuna. Wanda ya faɗi kuɗin da zai iya biya ya kuma nuna maka inda za a ɗaura masa rediyo, shi za ka rubuta. Sai ka san su waye da inda suke, sannan ka san inda ƙarfenka, wato dogon ƙarfen da za ka ɗora rediyo a kai, zai tsaya da irin eriyar da za ta dace.

Daga nan sai maganar inda za ka sayo intanet ɗin da za ka raba. Da yawa suna ɗaukar layin gida, ko sim mai "ba iyaka", ko kwanon Starlink na gida, wanda ya shigo Najeriya a farkon 2023, su ce da shi za su ciyar da unguwa. Tsarin gida an yi shi ne don gida ɗaya, kuma sharuɗɗansa sun hana sake sayarwa. Ranar da aka rage maka gudu ko aka rufe layin, ba ka da bakin magana, ga mutum talatin sun biya ka kuɗin wata. Nemi kamfanin da zai sayar maka a matsayin mai kasuwanci, a rubuce, ka kuma tambaya ƙarara: wannan megabit ɗin, wato gudun layin, nawa ne ni kaɗai, ko da wasu muke rabawa? Farashin biyun ba ɗaya ba ne, ƙarfinsu da daddare ma ba ɗaya ba ne. Haka batun takardu: yi rajistar kamfani da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka tuntuɓi NCC, hukumar sadarwa ta ƙasa, domin ita ke ba da lasisin sayar da intanet ga jama'a, ita ke amincewa da na'urorin da za a yi amfani da su. In ƙarfinka bai kai ga lasisi ba tukuna, nemi mai lasisi ku yi yarjejeniya ka yi aiki a ƙarƙashinsa. In kuma dogon ƙarfe za ka kafa, akwai izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, akwai kuma izinin tsawo daga NCAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, wanda bai kamata mai aiki a wajajen Mando da Kawo ya yi wasa da shi ba, inda jirage ke sauka da tashi.

Yanzu ga inda na fi son a tsaya a saurara, domin a nan kuɗi suka fi nutsewa. Mutum zai ga an rubuta a jikin kwali cewa rediyon nan na kai kilomita 5 ko 10, sai ya ɗauka duk mai waya a cikin wannan tazara zai kama sabis daga kan gadonsa. Ba haka ba ne. Intanet zance ne tsakanin biyu. Rediyonka na kan ƙarfe yana da murya kamar lasifikar masallaci, wayar hannu kuwa raɗa take yi. Ita tana jin sa, shi ba ya jin amsarta. Shi ya sa kwastoma zai ce maka, "Oga, sabis a cike yake amma ba ya buɗe komai." Ƙara da bangon bulo da rufin kwano, waɗanda ke tare siginar kamar an rufe ƙofa. Waɗancan kilomitan da aka rubuta tsakanin rediyo ne da rediyo, kowanne a sama, suna kallon juna. Gyaran shi ne kowane gida mai nisa a ɗaura masa nasa ƙaramin kwanon a kan rufi, irin su LiteBeam na Ubiquiti ko makamancinsa na MikroTik ko Cambium, a sauko da kebul zuwa rauta a cikin ɗaki. In kuma masu waya kake nufi kai tsaye, a bakin kasuwa ko cikin gidan ɗalibai, to ƙananan na'urori da yawa kake buƙata a kusa da mutane, ba ƙatuwa ɗaya a nesa ba.

Eriya mai watsawa ko'ina ita ma tana ruɗar sabon shiga, saboda guda ɗaya ce kuma kamar ta gama komai. Amma yadda take watsawa ko'ina, haka take kwaso hayaniyar ko'ina. Eriya mai kallon ɓangare ɗaya, mai faɗin digiri 90 ko 120, ta fi ta nesa ba kusa ba. Fara da ɗaya, ka juya ta inda kwastomominka suke, in an samu ci gaba ka ƙara. Kuma kada ka murɗe ƙarfin rediyo zuwa ƙarshe don kawai akwai wurin murɗawa. Kana ƙara wa kanka da maƙwabtanka hayaniya ne. Zangon gigahaz 2.4, ɗaya daga cikin zangunan da Wi-Fi ke bi, tashoshi uku kacal ke gare shi da ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma a Unguwar Rimi ko kan titin Ahmadu Bello kowace rauta da kowace wayar da aka kunna wa hotspot a nan suke cunkushe. Bar shi ga cikin gida. Tsakanin ƙarfe da rufin kwastoma yi amfani da gigahaz 5, ka saita ƙasa a kan Najeriya a cikin rediyon, ka tsaya kan tashoshin da NCC ta halatta, sannan ka duba wadda ba ta da cunkoso kafin ka zaɓa. Manhajar dubawar na cikin rediyon, kyauta.

Sai bishiya. Kaduna garin mangwaro ne da darbejiya, kuma gigahaz 5 ba ya shiri da jiƙaƙƙen ganye. Na taɓa haɗa wa wani mai makaranta layi a watan Janairu, daga saman bene zuwa ofishinsa, tazarar kusan kilomita 2. Na hau rufin, na hango ƙarfen da idona ta gefen kan wata mangwaro, siginar ta tsaya a -62 (a wannan ma'aunin, duk yadda lambar ta ƙara nisa da sifiri, sigina ta ƙara rauni), muka yi musabaha kowa na jin daɗi. Cikin Yuli ya kira ni: "Malam, abin nan da zarar an yi ruwa sai ya ɗauke." Da na sake hawa sai na ga mangwaron ta yi sabon toho ta cika ta batse, reshe ɗaya ya kusa shiga tsakani, siginar ta faɗi ƙasa da -78. Abin da ya kamata a sani shi ne sigina ba zare ba ce, tana tafiya ne da kumburi a tsakiya kamar goriba. A tazarar kilomita 2 a gigahaz 5.8, kumburin nan a tsakiyar hanya ya kai wajen mita 5 ta kowane gefe, kuma ana son aƙalla kashi 60 cikin 100 nasa ya zama fili, wato kusan mita 3 tsakanin layin ido da kan bishiya ko rufin wani. Hangowa kaɗai ba ta wadatar ba. Muka ƙara tsawon bututun da rediyon ke kai da mita 4, magana ta ƙare. In da rani ka auna, ka tuna da damina, ka kuma dubi filin da ke tsakani: wanda yake kango yau, baɗi bene ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mutum ya sayi rediyo mai tsada sannan ya haɗa shi da kebul mafi araha a kasuwa. Araha ba ta ado. Akwai kebul da cikinsa alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Kankare shi da wuƙa za ka ga fari. Tunda wutar rediyon ta cikin kebul ɗin take hawa, irin wannan yana zubar da ita a hanya, sai rediyo ya riƙa mutuwa yana tashi kai kuma kana zargin kamfanin da ya ƙera shi. Sayi na jan ƙarfe zalla, baƙi, na waje, mai sulke a ciki. Farin kebul na cikin ɗaki rana za ta farfasa shi, ruwa ya bi ta cikinsa ya gangaro har cikin rauta. Kada tsawonsa ya wuce mita 100. Kafin ya shiga ɗaki, lanƙwasa shi ƙasa kaɗan don ruwa ya ɗiga a waje. Ka kuma karanta jikin adafta: wasu rediyoyin bolt 24 suke ci, wasu 48, kuma in ka ba na 24 wutar 48 ka ƙone shi nan take.

Tsawa kuwa, duk wanda ya yi damina a Kaduna ya san yadda ruwan farko ke zuwa a Afrilu da Mayu, da iska da walƙiya. Ba sai aradu ta faɗa kan ƙarfenka ba. In ta sauka a kusa, kebul ɗin da ya sauko daga sama ya isa ya kwaso abin da zai ƙona maka rauta da duk abin da ke jone da ita. A binne sandar jan ƙarfe a ƙasa mai laima, a haɗa ta da ƙarfen da waya mai kauri sosai, abin da masu gyaran wuta ke kira atin. A sa na'urar kare tsawa a kan kebul, ɗaya a sama kusa da rediyo ɗaya a ƙasa, su ma a haɗa su da atin ɗin, in ba haka ba ado ne kawai. A ɗaure ƙarfen da wayoyin ja ta ɓangare uku. Duk wannan bai kai kuɗin rediyo biyu ba, amma ba a fafe gora ranar tafiya. A watan Maris ake yin sa.

Wuta ita ce rabin sana'ar. Kwastoma ya fi buƙatarka lokacin da babu wuta, domin a lokacin yake kwance da waya a hannu. Yi lissafi da biro: in kayan kan ƙarfenka duka suna cin wat 40, a awa 24 sun ci wat-awa 960. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da 1,200 a takarda, amma in na dalma ne rabi kawai za ka taɓa in kana son ya yi ƙarko, wato 600. Ka ga guda ɗaya ba zai kai ka ko'ina ba in aka yi kwana biyu ana hadari a Agusta. Inda ya yiwu, ciyar da kayan kai tsaye daga batir, kada ka bi ta inbata, domin ita ma tana cin rabonta. Da hunturu kuma a riƙa goge allon sola. Ƙurar Disamba da Janairu na iya rufe shi cikin 'yan kwanaki.

A ɓangaren rauta, ƙaramar ta gida ba za ta ɗauki mutum hamsin ba. MikroTik ko da ƙarama ce irin hEX za ta ba ka damar yanka wa kowa iyakarsa da buga tikitin awa ko na mako. Rashin sa iyakar nan ne ke sa mutum ɗaya mai sauke fina-finai ya shanye layin unguwa. Bidiyon YouTube mai kyau sosai yana son wajen megabit 5, matsakaici 2.5, in layinka megabit 50 ne kuma mutum ashirin suka buɗe bidiyo bayan Isha'i, ka cika. Da wannan lokacin ake auna layi, ba da hantsi ba. Ka kuma yi wa mutane bayani tun farko cewa megabit 8 ne ke ba da megabait 1, don kada a ce ka yi ƙwange. Canza kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita tun ranar farko, ka riƙa sabunta manhajarta, ka rufe ƙofar Winbox, manhajar saita MikroTik, daga waje. A 2018 an kutsa cikin dubban rautocin MikroTik a duniya ta wannan ƙofar, galibi waɗanda ba a sabunta ba.

Wajen sa farashi, kada ka raba kuɗin layi da yawan kwastoma ka ce saura riba. Sa hayar rufin da ƙarfe yake kai, da man babur na zuwa gyara, da batir da za ka canza, da rediyon da tsawa za ta ci. Kuma a karɓi kuɗi kafin a buɗe layi, ko da na ɗan'uwa ne. Bashin intanet ba a ganin sa a ido, shi ya sa ba a jin nauyin biyansa.

Ɗan yayata ya mayar da doguwar eriyar, aka musanya masa da mai kallon ɓangare ɗaya. Ya shafe mako uku yana hawa rufin mutane da tsani na aro kafin ya ɗaura ko da ƙusa. Ya fara da gida tara da kemis ɗaya, a ƙarƙashin wani mai lasisi. A durowar shagonsa yanzu akwai rediyo ɗaya da adafta biyu da ba a buɗe ba, da filashi mai ɗauke da kwafin saitin rautar, sai littafin da yake rubuta siginar kowane gida ranar da aka haɗa shi, don in ta fara sauka ya gane kafin mai gidan ya kira.