Yadda Ake Bambance Na'urar Ajiya da Rumbun da Aka Jona a FatFs

Katin SD ko guntun filash da ke cikin ƙaramar na'ura bai san fayil ba. Abin da ya sani shi ne jerin sektoci masu lamba, galibi kowace mai bayit 512. Rumbu kuwa yanki ne na waɗannan sektoci wanda ke ɗauke da tsarin fayiloli, kuma shirinka ba zai iya buɗe komai a cikinsa ba sai an jona shi. Manhajar FatFs, wadda ke sarrafa fayiloli kuma ake yawan amfani da ita a irin waɗannan ƙananan na'urori, ta raba na'urar ajiya (wato katin ko guntun) da rumbu sarai.

Da farko, ka rubuta ayyukan da ke hulɗa da na'urar ajiyar kai tsaye, irin su disk_initialize, disk_read da disk_write. Lambar pdrv da suke karɓa ta na'ura ce, ba ta rumbu ba.

Bayan haka sai ka duba yadda aka raba katin, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Idan yana da teburin MBR, wato teburin da ke nuna yadda aka raba katin, sekta ta farko tana ɗauke da gurabe 4 na ɓangarori, daga bayit na 446, kowanne mai bayit 16, don haka kati ɗaya zai iya ɗaukar rumbuna da yawa. Muddin saitin FatFs mai suna FF_MULTI_PARTITION yana kan 0, rumbu "0:" zai bi na'ura ta 0 ya ɗauki tsarin fayiloli na FAT na farko da ya samu, abin da ke sa mutane su zaci na'ura da rumbu abu ɗaya ne. Idan ka mai da shi 1, wajibi ne ka cika teburin VolToPart, wanda ke haɗa kowane rumbu da na'urarsa da ɓangarensa.

Daga nan ka kira f_mount domin jona rumbun, ka ba shi FATFS, wato wurin da FatFs ke ajiye bayanan rumbun, wanda zai dawwama a ƙwaƙwalwa har a cire rumbun. Zai fi kyau ka sa 1 a gurbin ƙarshe na f_mount domin a jona nan take, saboda 0 yana jinkirta aikin har sai an taɓa fayil, sai kuskure ya bayyana a inda ba a sa rai ba.

Amsar da ta dawo za ta nuna maka inda matsala take: FR_NOT_READY na nufin na'urar ce ba ta amsa ba, sai ka bincika wayoyi da wuta, FR_NO_FILESYSTEM kuwa na nufin na'urar ta amsa amma ba a samu rumbun da FatFs ta gane ba. Kafin ka zare katin, ka rufe fayiloli da f_close, sannan ka cire rumbun da f_unmount.